Kokon 'Yan Dubiya

Gwangwanayen garin furotin mai gina jiki. Cokalin awo. Ƙullin cukun wagashi. Hoton asibiti na ƙugun Baba a cikin ambulan. Abin da Latifa ta rungume a cinyarta ke nan a motar hayar da ta taso daga Parakou ta nufi Djougou. Ba ta ɗauko kayan sawa ba. Niyyarta ta ajiye kayan, ta ga tsohon da idonta, ta bi motar yamma ta koma bakin aikinta.

Likitan ƙashi bai ɓoye mata komai ba. Za a cire gaɓar ƙugun da ta lalace a sa ta ƙarfe, amma ƙarfe ba ya tafiya da kansa, sai da tsoka. Tsohon kuwa ya rame. A dama masa garin nan safe da yamma, kafin aiki da bayansa. In ya dawo awo yadda yake, za a ba wani gurbinsa a layin aikin. Tun daga ranar take aika gwangwanaye, ƙanwar Baba, Gwaggo Rakiya, tana ce mata a waya, “Yana ƙarewa, ki ƙaro.”

Takalma ta fara gani a bakin ɗakin Baba, har sun kai tsakar gida. Rabin 'yan kasuwar unguwar a gaban mahaifin nata, Malam Abdulƙadir, suka yi karatu, kuma ƙofarsa ba ta taɓa rufuwa da rana ba. Dutsen da aka tokare ta da shi har ya nutse a ƙasa. A ciki dattawa ne zaune, kowa da kofi a hannu. Ƙamshin garin ta gane kafin ta gane fuskokin.

“'Yar Faransa ta iso,” in ji Alhaji Talle, abokin Baba tun ƙuruciya. Ya ɗaga kofinsa. “Madarar nan taki, Allah Ya yi miki albarka. Jiya da kaina na tayar da babur. Matata ta ce ko sabon aure nake shiri.”

Aka yi dariya. Baba ma ya murmusa daga kan kujerarsa. Agogon hannunsa ya zame har tsakiyar damtse.

Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta wuce madafa. Gwaggo Rakiya tana tsaye a kan babbar tukunyar koko, tana kaɗa gindin gwangwani don ragowar garin ya zubo.

“Gwaggo, magani ne fa.”

“Magani ai ɗaci gare shi. Wannan madara ce.”

“Nasa ne shi kaɗai. Na faɗa miki.”

“Kin faɗa. Na kai masa a kofi, ya ce in mayar, shi ba ya sha baƙi suna kallonsa. Tun kafin a haife ki yayana bai taɓa kai abu baki shi kaɗai ba. Sai na zuba a tukunya, ko ya samu rabonsa.”

“Yana samu?”

Gwaggo ta ci gaba da damawa. “Shi ake ba wa a ƙarshe. In ya rage.”

Latifa ta jingina da bango. Kafin ta dawo Parakou, ta yi shekaru a Faransa tana cin abinci a tsaye ita kaɗai, ba ta taɓa ganin abin magana a ciki ba. Yanzu ko ƙarfin yin faɗa ba ta da shi.

Da aka kira azahar, baƙin suka tafi masallaci. Baba ya yi sallarsa a kan kujera, yana sunkuyar da kai a madadin sujada. Ta jira ya sallame.

“Baba, likita ya ce in ba ka yi ƙarfi ba, ba za su taɓa ka ba.”

“Na ji.”

“Kujerar nan za ta zama masallacinka.”

Ya daɗe yana kallon hanyar da abokansa suka bi. “Mutum ya baro shagonsa ya zo duba ni, in sha a gabansa?”

“Ka sha yanzu. Ba kowa.”

“Ba ya wucewa, Latifa. Na gwada. A nan yake tsayawa.” Ya taɓa maƙogwaronsa.

Ta koma madafa, ta buɗe sabon gwangwani, ta auna garin da cokalinsa, ta dama a kofi guda. Ta ɗebi koko a wani. Ta miƙa masa nasa, ta zauna a tabarmar da Alhaji Talle ya tashi. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa cin komai a gabansa ba, kuma dukansu biyun sun san haka.

“Ga baƙuwa,” ta ce, ta kurɓa.

Ya dube ta, ya dubi kofin. Ya yi bismilla a hankali.

Bai kai rabi ba aka ji sallamar masu dawowa daga masallaci. Hannunsa ya fara sauke kofin. Latifa ta miƙe, ta tura dutsen da ƙafa. Da ƙyar ya fita daga raminsa.

“Ke, motar yamma fa?” in ji Gwaggo daga tsakar gida.

Latifa ta ja ƙofar, ƙofar ta yi ƙara, ta rufu. Ta yi magana ta bayanta.

“Ki ba su koko, Gwaggo, su ɗan jira. Ki ara mini zane. Ina nan sai an yi aikin.”