Rakiyar Talauci

Jiya da dare, bayan na gama yi wa 'yata Hansai wankan jego, na kwanta na yi wani mafarki. A gidana ta haihu, ta sami 'ya mace, kuma da tunanin suna na yi barci.

Na gan ni a wani gari mai kama da unguwarmu, sai dai komai nasa a karkace yake. Hayaƙi daga sama yake saukowa ya shige murhu. Ruwan sama kuwa daga rijiyoyinmu yake tashi, ya nufi gajimare, inda aka ce masu hali sun gina gidajensu. Ban yi mamaki ba. Na gyara ɗaurin zanena na shiga gida.

A tsakar gida na tarar da baƙo zaune a kan tabarmata mai kyau. Dogo ne siriri, rigarsa duk faci amma a goge take tsaf. Yana ta sakace, alhali babu abin da aka ci a gidan.

"Sannu da zuwa, Azumi," in ji shi, sai ka ce ni ce baƙuwar.

Nan take na gane shi. Talauci ne. A garin nan mutum ne shi, da ƙafa da baki, har da butarsa ta kansa. Tun zamanin kakata ya sauka a gidanmu da sunan zai ɗan sha ruwa ya wuce.

"Na ji gobe suna," ya ce. "Ni zan yi wa jaririyar raɗa a kunne, kamar yadda na yi wa uwarki, na yi miki, na yi wa Hansai. Duk wanda na raɗa wa, nawa ne har kabari."

Raina ya ɓaci. Ni dai na saba da shi, mun tsufa tare. Amma jinjirar da ko ido ba ta gama buɗewa ba, me ta yi masa? Na rantse a zuciyata bakinsa ba zai taɓa kunnen jikata ba.

To amma a garin nan ba a korar baƙo. Idan ka gaji da shi, rakiya kake masa. Sai na sa mayafi na ce, "Malam, rana ta yi. Taso in taka maka."

Bai yi musu ba. Ya ɗauki butarsa. Na bi da shi ta lungun bayan gida don kada maƙwabta su gan mu tare, har muka kai wata tsamiya a ƙarshen gari.

"To, Allah ya kiyaye hanya," na ce.

"Haba Azumi! Ke kaɗai za ki koma? Ai ban yi rashin kirki haka ba. Mu je in taka miki."

Ya rako ni har tsakar gida, ya koma kan tabarma. Na sake raka shi, ya sake rako ni. Haka muka yi ta yi har silifas ɗina suka gaji, suka zame daga ƙafata, suka tafi gida abinsu.

Sai ga ni a wani ofis mai sanyi. An rubuta a ƙofa cewa nan ne ake yaƙi da Talauci. Shugaban wurin wani bunsuru ne mai tabarau, yana zaune a kujera mai juyawa yana taunar labule. A bango ga hotonsa yana gaisawa da baƙona, dukansu suna dariya.

"Ranka ya daɗe, so nake a fitar min da shi kafin gobe."

"Wa?"

Na nuna hoton.

"Af, mutuminmu ne," in ji bunsuru. "Shi ya buɗe mana ofishin nan. Hajiya, in ya tafi, mu kuma ina za mu riƙa zuwa da safe?"

Wata akuya ta miƙo min sabon bokiti wanda ba shi da gindi. Ta ce in yi murmushi. Aka ɗauke mu hoto, aka tafa, aka nuna min ƙofa.

Ina tafe a lungun bayan gida da bokitina, sai na yi kiciɓis da maƙwabciyata Delu. Leɓenta na ta ƙyalli da mai, kamar wadda ta tashi daga kan kaza.

"Delu, ya gida?"

"Lafiya lau, Azumi. Yanzu muka sauke shinkafa."

Tana faɗin haka na hango gefen wata riga mai faci a bayanta, tana ta jan mayafi tana rufewa. Mai rigar kuwa sai da ya ƙara tsawo da kamu ɗaya. Can kuma ga Malam Sidi tela yana sanɗa, babbar rigarsa ta yi tozo, ƙafafu huɗu na tafiya a ƙarƙashinta. Na gaishe shi, ya ce lafiya lau, tozon ya ƙara tashi.

Na tsaya na ajiye bokiti. Ashe duk unguwar aikin da muke yi ke nan. Kowa na raka shi a ɓoye ta lungu, kowa shi kaɗai, kowa kuma ana rako shi gida. Kuma duk sanda wani ya ce lafiya lau, shi ake ciyarwa. Haushi ya kama ni, har da haushin kaina, don ni ma na iya wannan gaisuwar tun ina yarinya.

Na jawo turmi zuwa tsakiyar unguwa na hau. Macen da ta girma da rufin asiri gara a ce ta fita ba ɗankwali da ta faɗi abin da zan faɗa. Na tuna kunnen jaririyar, ɗan ƙarami kamar ganyen zogale. Na buɗe baki.

"Jama'a! Talauci a gidana yake kwana! Tun zamanin kakata! Jiya ban ɗora tukunya ba, kuma kunun mai jego ma roƙo na yi!"

Kunya ta fito daga ƙirjina a siffar ƙadangare, ta gyaɗa kai, ta haye katanga ta ɓace. Na duba jikina, ban mutu ba.

Delu ta goge baki da gefen mayafi. "Man kitso ne," ta ce. "A gidana ma yake."

Malam Sidi ya ɗaga babbar riga. "Ga shi nan. Bayana ya gaji."

Daga nan ƙofofi suka yi ta buɗewa. Wannan ta faɗa, wancan ya faɗa, har da masu gidan da nake zaton ko hanyarsu bai sani ba. Duk wanda ya faɗa, sai Talauci ya rage tsawo. Aka tattaro shi daga gidaje aka haɗa, ashe mutum ɗaya ne, kuma yanzu bai wuce ƙuguna ba.

Da rana tsaka muka fito da shi ta babban titi, maza da mata, da mai kalangu a gaba. Ba a sallamar baƙo hannu wofi, don haka kowa ya kawo masa guzuri daga kayan da shi ya zo mana da su: tukunya mai yoyo, takalmi wari guda, gidan sauro da ramukansa suka fi sauron girma. Aka ɗaure aka ɗora masa a ka.

A gindin tsamiya ya juyo da murmushinsa na kullum.

"Azumi, ke kaɗai za ki..."

Ya kalli bayana. Mutane ne har inda ido ya ƙare.

"Delu fa? Bari in taka mata."

"Tare za mu koma," na ce, na riƙe hannunta.

"To Malam Sidi?"

"Ina cikin jama'a," in ji Malam Sidi.

Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da ido yana neman wanda ke tsaye shi kaɗai, bai samu ba. Sai ya marairaice ya ce, "Haka za mu rabu? Ko sai wata rana ba za a ce min ba?"

Nan fa bakunanmu suka fara ƙaiƙayi, don mu mutane ne masu ladabi. Na ga Delu ta buɗe baki, na yi maza na toshe shi da tafin hannuna. Kowa ya toshe na kusa da shi. Muka tsaya haka, gari guda, har ya juya ya kama hanya, ƙanƙane, kayansa na rinjayarsa. Can sai ga bunsuru da awakinsa a guje, kujeru a kansu, suna kiran ya tsaya su tafi tare.

Na rangaɗa guɗar da ban taɓa yin irinta ba. Mai kalangu ya saki kiɗa, Malam Sidi da girmansa ya cashe.

Sai ga ni a ɗakin Hansai, gari ya waye, liman ya raɗa suna ya fita. Na ɗauki jaririyar. Ta buɗe ido tar ta dube ni.

"Kaka, wane ne wancan da kuka raka jiya?"

"Ba ki san shi ba?"

"Ban san shi ba."

Daɗi ya cika ni har na fashe da kuka ina dariya. Ina shirin cewa ta sake faɗa in ji, sai wata ƙara ta shigo ɗakin, ƙarar-ƙarar-ƙarar, na buɗe ido.

Delu ce a bayan katanga take kankare gindin tukunya da cokali, tana neman abin da za ta ba yara. Na tashi na leƙa.

"Delu, yana gidanki?"

Cokalin ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni.

"Ke ma?" ta ce.

"Ni ma. Ɗauko mayafinki, mu fara da gidan Malam Sidi."