Kujerar da Aka Ba 'Yar Hoto

Duk wanda ya shiga kamfanin nan na rubuta manhajar asibitoci, fuskarta yake fara cin karo da ita. An kafa hotonta a bangon ƙofa, ya fi ta tsawo, tana murmushi, sandunanta biyu a gaba. Ranar ɗaukar hoton ta jingine su a bayan kujera, mai hoto ya ce, "A'a, ƙanwata, matso da su inda za a gani." Daga nan aka laƙa mata 'Yar Hoto. Tun tana ɓata rai har ta koma amsawa.

Shan inna ne ya taɓa mata ƙafafu tun tana rarrafe. Ta shigo kamfanin a shekarar da aka kafa kwamitin tafiya da kowa, wanda aka ɗora wa nemo mata da masu buƙata ta musamman. Kwamitin ya yi abin kirki, ba a hana shi: an sassauta gangaren ƙofa, an sauko mata da teburi daidai zamanta. Sauran kuwa Dogo ne ya yi. Shi ke zaune kusa da ita, shi ya koya mata yadda ake bin sawun kuskure cikin dubban layuka, kuma duk ranar da lif ya tsaya, shi ke rungumar kwamfutarta ya bi ta a baya a kan matakala yana tsokana: "Sannu a hankali, Hajiya, aikin ba zai gudu ba."

Da shugaban sashensu ya yi murabus, kowa ya ɗauka kujerar ta Dogo ce. Sai ga Manaja ya tara su, ya sanar cewa ita aka ba kujerar. Aka yi tafi, Dogo ya fi kowa, amma idonsa na kan takalminsa.

Da rana ta nufi ɗakin shayi. Ƙarar sandunanta kan riga ta isa ko'ina, sai dai ranar butar lantarki na tafasa, ba wanda ya ji ta. Ta tsinci muryar Gajere, mai gwajin manhaja, yana cewa, "Da na san haka ake yi, ai da tuni na faɗo daga bene na karya ƙafa." Aka kwashe da dariya. Ta hango Dogo ta tsagar ƙofa yana juya cokali a kofi. Bai yi dariya ba, bai kuma ce uffan ba. Ta juya, ƙishirwar ma ta tafi.

Kai tsaye ta wuce ofishin Manaja.

"Yallaɓai, don Allah tambaya ɗaya. Me ya sa ni?"

"Don kin iya mana. Wa ya gyara mana matsalar layin marasa lafiya?"

"Ni da Dogo."

Ya cire tabarau ya murza ido. "To, ba zan ɓoye miki ba. Baƙin da muke hulɗa da su za su zo wata mai zuwa, kuma sukan tambaya mata nawa ne a shugabanci. Amma da ba ki iya ba, da ban ba ki ba. A bar kaza cikin gashinta, kin ji?"

Ta fito da amsar da ta fi rashin amsa nauyi.

A gida ta tarar labari ya riga ta. Babanta ya kira maƙwabta har da wanda ba sa ga maciji, yana ta cewa, "Ita ce fa wadda aka ce kada in ɓata lokaci in sa ta makaranta!" Ta kasa rage masa ko da ƙwayar farin cikin. Yayanta ne ya lura ba ta taɓa abinci ba, ya bi ta ɗaki. Da ya gama jin abin da ya faru sai ya ce, "Shekara nawa ana hana ki abu saboda ƙafar nan? Yau ta kawo miki, ki karɓa mana."

"Yaya, da hanin da kyautar duk ƙafar ake kallo. Ni yaushe za a dube ni?"

Ya tura mata kwanon abincin.

Bayan 'yan kwanaki Dogo ya same ta a wajen ajiye motoci, ya ce ya sami aiki a wani kamfani.

"Saboda ni?"

"Saboda ni dai. Idan na zauna, wata rana zan faɗi abin da zan yi nadama." Ya sosa ƙeya. "Na san kin ji Gajere. Ya kamata in yi magana, bakina ya yi nauyi."

"Ka gaya mini gaskiya, kai ka koya mini. Na fi ka?"

"A wani wurin kin fi ni, a wani na fi ki. Da sun zauna sun auna mu suka ce ke ce, wallahi da na haƙura. Ban san ko sun auna ba. Ke ma ba ki sani ba, shi ya sa kike tambayata."

Ba ta ajiye muƙamin ba, ko da yake ta rubuta wasiƙar murabus ta goge. Satin da ta fara, Gajere ya kawo mata rahoton gwaji. Ta karanta, ta ga ya tsallake sashen da ke tura wa likita sunan magani. Ta auna abin: idan ta mayar, a ce ramuwa ce, idan ta bari, wani ya sha maganin da ba nasa ba.

"Ka sake wannan," in ji ta. "Kafin a tashi."

Gajere ya dubi allon, ya dube ta.

"To, ranki ya daɗe," ya ce, ya ɗan rusuna.

Ba ta gane ko ladabi ne ko shaguɓe ba. Ta jawo rahoto na gaba, ta ci gaba da karatu.