Rabin Iska a Taya

Kwana uku ana tafka ruwa, hanyar ƙauyen ta zama caɓi zalla, motar asibiti ma tun jiya ta kafe. Malamar rigakafi kuwa ga ta da akwatin allurai, ƙanƙarar cikinsa ba za ta wuce azahar ba. Ƙyanda ta riga ta shiga gida biyu a can.

Ta jawo tsohon keken hawan dutse na mijinta ta kai wa kawunta mai gyara, tsohon da yanar ido ta rufe wa gani, sai lalube.

"Kawu, a ƙara mini iska, sauri nake."

Ko kallonta bai yi ba, da wane idon? Ya shafa keken tun daga kai har sirdi, ya laluɓo sifana ya kwance murafun tayoyin nan masu tare fallatsi, ya jefar gefe.

"Haba Kawu! Taɓo fa zan shiga!"

"Shi ya sa. Nan laka ke taruwa ta shaƙe taya. Ki ɓaci ki isa, ko ki tsaya fes a hanya?"

Ya sauke sirdi don ƙafarta ta riƙa kai ƙasa. Ya buɗa birki kaɗan, ya bi sarƙa da mai, ɗigo ɗigo, yana ƙirgawa da ɗan yatsa. Sannan, wai don ya ƙarasa ta, ya sace rabin iskar tayoyin, yana matsawa yana kasa kunne. Ranta ya ɓaci matuƙa.

"Ki sa keken a giya mai sauƙi, 'yata. Kada ki miƙe tsaye, kada ki daina taka feda."

Ikon Allah! Tana hawa hanya, tayar nan mai laushi sai ta baje ta kama laka, tana tafiya a hankali ba zamewa. Ta wuce babura uku a kwance, masu su sun saki baki. Taɓo ya wanke ta har gira, tana mamakin kawunta: mutumin da bai ga hanyar nan ba shekara goma, ya san ta kwari da tudu.

Ta tarar da mata cike da barandar makaranta, kowace da goyo. Ta buɗe akwatin ta cusa yatsu ciki. Sanyi ya cije ta, hawaye suka zubo mata.

Ta share da gefen mayafi, ta ce, "Wa ke da ƙarami duka? Miƙo shi."