Injiniya Yana Gida

Ba injiniya ba ne. Ya faɗa har ya gaji ya bari. Aikinsa zanen gidaje: manya su tsara abin da suke so, shi kuma ya zauna gaban kwamfuta ya ja layi, nan bango, nan taga, nan matakala, har magini ya samu abin bi. Amma tun ranar da yayarsa ta ga hotonsa da hular kwano a bakin wani gini ta laƙaba masa Injiniya, sunan ya bi shi har unguwa.

Da kamfaninsu ya saki ofis saboda tsadar haya aka ce kowa ya riƙa aiki daga gida, babu wanda ya kai shi murna. An huta da cunkoson motoci, an huta da gugar sassafe. Ya ja teburin cin abinci zuwa jikin tagar falo, ya kafa kwamfutarsa, ya ce wa matarsa daga yanzu aikin yini a rabin yini zai riƙa gama shi.

Matar tasa ma'aikaciyar jinya ce, da safe take fita. Ita ta fara, kuma ba da wata manufa ba. Tana ɗaura agogo a bakin ƙofa ta ce, “Abban yara, tunda kana gida, mai gas zai kawo tukunya. Kayan da ke cikin injin wanki kuma, in ya tsaya ka taimaka ka shanya.”

“Ba komai,” in ji shi.

Daga nan zance ya bazu a layin cewa Injiniya yana gida. Masu kawo saƙo suka gane ƙofarsa. Duk wanda ya sayi abu ta waya ba ya nan, gidan Injiniya ake cewa a ajiye, har bayan ƙofar falo ya koma kamar sito: kwalaye, takalma, wata rana har da tayar mota. Maƙwabta masu fita aiki suka riƙa bar masa makullai, saboda mai gyaran famfo ko mai duba mita. Ga kuma Baba Fansho, dattijon gidan da ke kallon nasu, wanda ya ajiye aiki ya rasa abokin hira. Da hantsi zai turo ƙofa da jaridarsa a hammata.

“Kada ka damu da ni, ɗana, yi aikinka. Ni zama kawai zan yi.”

Bai taɓa zama kawai ba. Kafin Injiniya ya ja layi ɗaya, Baba ya karanto masa kanun labarai, ya yi sharhi, ya tambaye shi ra'ayinsa, sannan ya nuna masa kuskuren ra'ayin nasa.

Amma duk waɗannan wasa ne in aka kwatanta da Yaya. Ita ta goye shi yana jariri, kuma ba ta bari ya manta. Ba ta sallama a waya, da umarni take farawa.

“Injiniya, fito da mota ka kai ni wurin mai gilashin ido.”

“Yaya, aiki nake yi.”

“Wane aiki? Ba kana gida ba? Mutum yana zaune da gajeren wando ya ce aiki yake yi. Ina bakin titi, kada ka shanya ni.”

Yakan buɗe baki zai yi magana, sai ya ji “to, ba komai” ta riga shi fita. Ya rufe kwamfuta yana tsaki, ya ɗauki makulli yana tsaki, ya isa wurinta ya gaishe ta da fara'a. Aikin da ya ce zai gama a rabin yini ya koma sai bayan kowa ya kwanta yake taɓa shi, idanu na yaji. Ya rame, ya zama mai saurin fushi, amma fushin nasa a kan kujeru da ƙofofi yake ƙarewa.

Ranar da abin ya fashe, zanen wani gida mai hawa ɗaya yake ƙarasawa, wanda Oga, shugaban sashensu, ya ce lallai a tura wa magini kafin rana ta raba. Yana cikin ɗakin baƙi na zanen aka buga ƙofa: mai kawo saƙo. Ya dawo ya zauna, injin wanki ya yi ƙara. Ya dawo, Baba Fansho ya shigo da labarin farashin mai. Yana amsa wa Baba da ka, hannunsa na kan kwamfuta, waya ta yi ruri: Yaya ce, wai ya duba mata ko maganin da aka rubuta mata ana sha kafin abinci ne ko bayan abinci, ta turo hoto. Haka ya tura zanen, waya a kunne, Baba na jan hannun rigarsa.

Bayan 'yan kwanaki magini ya kira shi daga wurin aiki, yana dariya har da tari.

“Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Wannan ɗakin baƙin, ta sama za a riƙa jefa baƙin, ko ta taga za su shiga?”

“Ban gane ba.”

“Ba shi da ƙofa. Bango huɗu cif. Yarana sun bi zane, bulo ya kai ƙirji kafin mai gidan ya zo ya tsaya yana neman hanyar shiga.”

Injiniya ya buɗe zanen ya duba. Ɗaki ne mai kyau, da taga biyu da banɗaki a ciki, ba ƙofa ko ta kaza.

Oga bai yi dariya ba. Ya kira shi ta kwamfuta, fuska a ɗaure. “Shekara nawa muna tare ban taɓa ganin ka yi irin wannan ba. Me ke damunka? Rashin lafiya ne?”

“A'a, ranka ya daɗe, abubuwa ne suka ɗan yi yawa a…”

Bai ƙarasa ba kan Baba Fansho ya bayyana a bayansa, ya leƙo cikin allon yana gyara tabarau. “Wannan ne mai gidan naku? Sannu da aiki, Alhaji! Yaron nan yana da kirki, kullum muna tare, tun safe har yamma.”

Oga ya dubi Baba, ya dubi Injiniya. “Na ga alama,” ya ce. “Ba a tauna taura biyu. Ka zaɓi wadda za ka tauna, ka sanar da ni.” Ya kashe.

Washegari Injiniya ya yi dabara. Ya yi wanka, ya sa riga mai guga da takalmi sau ciki, ya rataya jaka, ya fita yana ɗaga wa kowa hannu don a shaida ya tafi aiki. Ya tuƙa mota zuwa bayan wata makaranta, ya faka a ƙarƙashin bishiya, ya ɗora kwamfuta a cinya. Sitiyari ya tokare masa gwiwar hannu. Inuwa ta gudu ta bar shi, mota ta zama tanda. Cajin kwamfuta ya fara ja. Yana cikin wannan hali aka ƙwanƙwasa gilashi. Ya ɗaga kai, sai ga Yaya da ledoji a hannu biyu, ta fito daga kasuwar da ke bayan makarantar.

“Ikon Allah! Kamar ka san ina neman abin hawa. Buɗe baya.” Ta shiga ta zauna, ta dube shi sama da ƙasa. “Kai kuma me kake yi a nan kamar ɓarawon da ke jiran dare? Ko korar ka aka yi kake ɓoyewa?”

Da ya dawo gida ya tarar matarsa ta riga shi, tana zaune ta tsoma ƙafafu a ruwan ɗumi. Ya jefar da jaka a kujera, abin da ya daɗe yana cinsa ya fito gaba ɗaya.

“Ni na zama ɗan aiken unguwa! Ni ne mai gadi, ni ne direba, ni ne mai shanya! Kowa ya tashi da buƙatarsa sai ya ce Injiniya yana gida. Ke ma da kika san abin da nake yi, ke kika fara!”

Ta bar shi ya zazzage tas. Sannan ta ce, “Ka gama?”

“Ban gama ba!”

“To idan ka gama ka faɗa mini sau nawa ka ce wa wani a'a.”

Ya kauda kai, ita kuma ta ci gaba.

“Ni dai kullum na tambaye ka, ‘ba komai’ nake ji. Ina zan san da komai? Duba nake yi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, Abban yara. Mu a asibiti, in ina raba magani, ko babban likita ne ya kira ni cewa nake ya dakata in gama, don in na haɗa na wani da na wani ba bulo za a rushe ba. Kai kuwa kana tsoron a ce ba ka da kirki.”

“Yaya ce fa. Ita ta goye ni.”

“Ta goye ka, ta sauke ka. Kai ne ka ƙi sauka.”

Ya so ya ji haushi, amma maganar ta zauna daram, babu inda zai kama ta. Ya zauna a hannun kujera yana huci.

Ita ma ta sassauta murya. “Nawa laifin na ɗauka. Wanki ya koma ranar hutuna, yara kuma sun isa su shanya kayansu in sun dawo. Mai gas a ce masa ya riƙa zuwa da yamma. Amma Yaya da Baba, wannan naka ne. Ba zan shiga tsakaninka da 'yar'uwarka a ce matarka ta raba ku ba.”

A ƙarshen makon suka kwashe tarkacen ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, tsohon keken yara da fanka marar kai da akwatunan da ba a buɗe ba tun tarewa. Ɗakin ko miƙe hannu ba a yi sosai, amma yana da sakata. Ya bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya ya mayar wa kowa makullinsa, yana ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi. Wata maƙwabciya ta karɓi nata da yatsa biyu ta ce, “Allah ya ba mu haƙuri, ba mu san mun dame ka ba.” Ya ji kamar ya karɓo makullin ya ce wasa yake yi. Ya cije.

Baba Fansho ya fi sauƙi fiye da yadda ya zata. Ya ce masa, “Baba, daga safe zuwa la'asar ina wurin aiki, ko da kun ga mota a waje. Da yamma ni zan zo da kaina mu karanta jaridar.” Baba ya ɓata rai, ya ce shi dama ba ya son takura wa mutane, ya tafi. Da yammar kuwa tun kafin Injiniya ya fito ya hango shi ya jera kujeru biyu a ƙofar gida.

Ranar Litinin ya shiga ɗakinsa ya sa sakata, ya kife waya a cikin aljihun tebur. Shirun har ya ba shi tsoro. Ya gyara zanen da ya ɓata, ya bi shi ɗaki ɗaki da yatsa, sannan ya kama wani sabon zane. Rabonsa da ya ji daɗin aiki haka har ya manta.

Wajen hantsi aka fara dukan ƙofar gida, irin dukan da ya sani. Ya yi kamar bai ji ba. Aka koma tagar kicin.

“Injiniya! Na san kana ciki, ga motarka nan!”

Ya tashi ya buɗe, amma ya tsaya a bakin ƙofa bai kauce ba. Yaya ce da mayafi a kafaɗa da jaka a hannu.

“Na kira ka ya fi a ƙirga. Sa takalmi, banki za ka kai ni.”

Kalmar nan tasa ta “ba komai” ta zo masa baki, ya haɗiye ta da ƙyar.

“Yaya, ba zan iya ba yanzu. Ina aiki sai la'asar.”

“Me ka ce?”

“Na ce ba zan iya ba. In na gaggawa ne in kira miki tasi yanzu. In zai jira, ranar Asabar ni da motar duk naki ne.”

Ta dube shi kamar ya canza kama. “Ni kake cewa a kira wa tasi? Ni da na goye ka har bayana ya…”

“Na sani, Yaya. Allah ya saka da alheri. Amma saura kaɗan in rasa aikin nan, kuma in na rasa shi motar ma sayar da ita za a yi.”

Ta gyara mayafi, ta ce ba ta son tasin, ƙafafunta ba su karye ba tukuna. Ta juya ta tafi ba sallama. Ya rufe ƙofa, ya koma ya zauna ya kasa ja ko layi ɗaya na ɗan lokaci. Daga baya aikin ya kama shi, bai ɗago ba sai da yara suka dawo.

Duk makon ba ta kira ba. Ya ji a bakin ƙanwarsu cewa Yaya na faɗa wa dangi Injiniya ya yi girman kai. Abin ya dame shi, amma ya tura wa Oga aiki biyu kafin a tambaya, Oga kuma ya amsa da kalma ɗaya, “Madalla.”

Ranar Asabar, ko karyawa bai yi ba ya ji ana taɓa ƙofa. Yaya ce, ta ci ado, ta riƙo jaka biyu da wata tsohuwar fanka.

“Ka ce Asabar tawa ce, ko ka fasa?”

Ashe duk abin da ta so yi a makon tarawa ta yi. Suka je wurin mai gyaran fanka, suka je wurin tela, suka je dubiya asibiti, suka tsallaka bayan gari gaida wata ƙawarta da ta yi jika. Rana ta take, cikinsa na kuka, ita ko gezau. Kuma duk inda suka shiga sai ta nuna shi da baki ta ce wa mutane, “Ku gaisa da ƙanena da kyau, don ba kullum ake samunsa ba. Yanzu sai an yanki kati ake ganinsa, kamar likitan ƙashi.”

Ya yi murmushin dole, ya ɗauki jakunkunan ya bi bayanta zuwa mota, yana tambaya ko saura wuri nawa.

“Kai dai tuƙa,” in ji ta. “Zan faɗa maka in mun kusa.”