Ƙwan Zabin Goggo

Da aka kira Rahila gwajin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kankara, duk garinsu Damari sai da aka ji. Kimiyyar sinadaran jiki ta karanto a jami'a, amma tun da ta dawo gida, gishirin miya kaɗai take aunawa. Gurbin malami ɗaya ne, masu nema kuwa sun cika mota.

Ta shirya darasinta tsaf. Za ta fasa ɗanyen ƙwai gaban masu gwaji, ta ɗora rabin farin a wuta, ta matsa wa rabi lemun tsami, kowa ya ga furotin yana sauya kama. Damina ce, zabi na ta zuba ƙwai. Tun ana gobe tafiya ta jera ƙwai cikin kwano, ta rufe da dusa, ta fita kitso.

Goggo, yayar babanta, ta leƙa kwanon. Mace ce da ba ta taɓa barin kowa ya yi tafiya ba guzuri ba, ba ta kuma taɓa tambayar ra'ayin kowa ba. Ta dafe ƙwan tas, ta mayar cikin dusa, ta cusa ƙullin yaji a ƙasa.

Da safe Rahila ta rungumi kwanon kamar jariri. Daga Damari har Yankara tana roƙon mai babur ya bi ramuka a hankali. A motar Kankara ta yi faɗa da wani mai buhun masara da ya matse ta. Ba ƙwan da ya taɓa samun gata irin wannan bayan ya dahu.

Masu gwajin biyu ne: Alhaji Mas'udu mai makarantar, da kofin shayinsa mai kauri da madara, sai shugaban malamai, Malam Yusha'u.

"Ranka ya daɗe, yau za ku ga abin mamaki!" in ji Rahila. Ta kunna ɗan risho, ta ƙwanƙwasa ƙwai a bakin faranti. Ba abin da ya zubo. Ta fasa na biyu, haka. Ta tona dusa, sai ga yaji.

"Malama, karin kumallo ne darasin?" in ji Malam Yusha'u.

Rahila ta dubi ƙwan, ta hango aikin yana komawa hannun wani. Sai ta fizge gyalenta daga kafaɗa, ta naɗe shi gammo, ta ɗaga sama.

"Furotin ke nan! Dogon zare ne, amma naɗin shi ne aikin." Ta girgiza hannu, gammon ya warware. "Gyalen bai yage ba, amma wa zai ɗauki tulu da wannan? Haka zafi ke yi wa farin ƙwai. Zaruruwan su warware, su sarƙe da juna, ruwa ya koma tauri." Ta miƙa wa Malam Yusha'u ƙwan. "Malam, mayar mini da shi ɗanye, in bar maka aikin."

Alhaji ya tuntsure da dariya. "Karɓi mana, Yusha'u! Ba kai ne mai digiri biyu ba?" Ya juyo. "To amma ɗiyata, mu ba mu ga komi ba. A bayan idonmu aka dafa shi."

Lemun tsami kaɗai ya rage mata. Kafin hankalinta ya hana ta, ta jawo kofin Alhaji ta matse shi ciki. Malam Yusha'u ya yi salati. A makarantar nan ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka a kofin nan.

"Duba, Alhaji, duba!"

Madarar ta tsinke, ta taso gudaji-gudaji. Alhaji ya sunkuya har hularsa ta kusa faɗawa ciki.

"Kai! Ashe abin da masu awara ke yi ke nan!" Ya jujjuya kofin. "Shi ma ba ya komawa?"

"Ba ya komawa, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallon shayin nasa, kamar mai ta'aziyya.

"Litinin ki fara," ya ce. "Miƙo yajin nan. Wa ya dafa ƙwan?"

"Goggona."

"Ki ce mata ya ɗan wuce wuta."