Ranar da Aka Ce Faransa Ta Tsaya

Hamissou yana ƙoƙarin kauce wa wani mai keke a titin Massachusetts da ke birnin Washington sai wayarsa ta sake haske. Kaltume ce, matarsa. Bai ɗauka ba, domin da fasinja a baya, wani Bature mai furfura da ya ɗauko daga otal zai kai shi taro a unguwar ofisoshin jakadanci. Tun da mutumin ya shigo tasi yake waya da Turanci, kuma duk maganar a kan Faransa take.

"Ƙasar nan ta gama yawo," in ji Baturen. "Gwamnati ta sake faɗuwa, tattalin arziki ya durƙushe, yau kuma kowa ya ajiye aiki. Jiragen ƙasa, makarantu, har asibitoci. Ni dai na fasa zuwa."

Kalmar asibiti ce ta soki Hamissou. 'Yarsa Hairat tana birnin Lyon tare da mijinta Issoufou, ga tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Tun asuba suke kiranta ba ta ɗauka, wayar mijin ma sai dai ta yi ta ƙara har ta gaji.

Baturen ya ajiye waya, ya leƙa katin shaidar direba da ke manne a gaban mota. "Kai mutumin ina ne?"

"Nijar."

"Ah! To ku kun rabu da su a kan gaɓa." Ya yi dariya. Hamissou ya yi masa yaƙe ta madubi. Da jiya ce, da shi ma ya dara har da ƙari.

Yana sauke shi ya gyara tsayuwa a gefen titi, ya kira gida.

"Malam, ka ga abin da ake nunawa a tele kuwa?" Muryar Kaltume tana rawa. "Wuta ce ko'ina. 'Yan sanda suna ta harba hayaƙi. An ce likitoci sun rufe ƙofa sun tafi. Ina Hairat za ta haihu? A titi?"

Hairat 'yar fari ce, tun da aka haife ta a Damagaram Hamissou bai taɓa jin Kaltume ta kama sunanta ba, sai dai "yarinyar nan" ko "'yarka". Yau kunya ta kau.

"Ki kwantar da hankalinki. Bari in nemi Mahamane, yana da ƙane a can."

Ya kashe fitilar tasi, ya kama hanyar unguwar Lanham.

A shagon abincin Azaratu, wata mutuniyar Kumasi da direbobi ke taruwa wajenta da rana, ya tarar da Mahamane ya tasa farantin shinkafa da wake a gaba, ya jingina waya da kwalbar yaji, wasu direbobi biyu sun duƙa suna kallo. Mahamane ɗan Maraɗi ne, abokin Hamissou tun zuwansu ƙasar.

"Hamissou, zo ka ga iyayen gidanmu na da!" Mahamane ya ɗaga cokali. "Su da ke koya mana yadda ake mulki, yau ga su ko shugaban gwamnati sun kasa riƙewa. Wallahi saura kaɗan su fara zuwa Yamai neman biza."

Aka fashe da dariya. A cikin wayar wata mota tana cin wuta, matasa da fuska a rufe suna gudu. Azaratu ta zo ajiye ruwa, ta ɗan leƙa, ta taɓe baki.

"Wannan motar kuma? Ai bara ma an turo min ita. Ba ta gama ƙonewa ba har yanzu?"

Babu wanda ya kula ta. Hamissou bai zauna ba.

"Mahamane, yarinyata tana Lyon. Watanta ya tsaya, kuma tun asuba ba mu same su ba."

Cokalin ya sauka a hankali. Mahamane ya kife wayar, ya sake ɗagowa, ya goge hannu a wando. "Subhanallahi. Me ya sa ba ka faɗa ba tun shigowarka? Tsaya, ƙanena yana Paris, ba zai rasa wanda ya sani a Lyon ba."

Ya kira. Ta yi ƙara har ta yanke. Ya sake kira, haka. Ya tura saƙon murya, sannan ya zuba wa wayar ido. Hamissou ya ga yadda fuskar abokinsa ta sauya, kamar sai yanzu ya tuna cewa a cikin ƙasar da yake wa dariya akwai ɗan uwarsa.

"Wataƙila yana wurin aiki," in ji Mahamane, murya ƙasa-ƙasa.

Azaratu ta ƙulla abinci a leda ta miƙa wa Hamissou. "Alhaji, kai wa Hajiya. Na san ba ta sa komai a bakinta ba."

Da ya buɗe ƙofar gida, abin da ya fara gani akwati ne a tsakiyar falo, a buɗe. Kaltume ta zuba zannuwa, da kayan jarirai da ta daɗe tana tarawa, da ƙullin kanwa da kayan yaji na kunun mai jego. Talabijin yana ta nuna taron mutane da tutoci, wasu masu sharhi a gefe suna musu a kan ko ƙasar za ta sake miƙewa.

"Ka nemo min jirgi. Yau zan tafi."

"Kaltume, kin manta abin da lauya ya ce? Takardunki ba su fito ba. In kika fita yanzu, ba lalle su bar ki ki dawo ba."

"To kada su bar ni." Ba ta ɗago ba, tana ta ninke zani. "Da ma tun farko ya kamata in je. Haihuwar fari, ba uwa, ba dangi, a ƙasar da ta rikice. In wani abu ya same ta, me zan yi da takarda?"

Shekarun da suka yi suna jiran takardun nan, da ƙannen Hairat biyu da ke makaranta a nan, duk Hamissou ya san ta sani. Ya zauna a hannun kujera ya ciro waya, ya fara neman jirgi, yana fatan kada ya samu, yana kuma jin kunyar wannan fatan.

Yana cikin haka wayar ta yi ƙara a hannunsa. Kiran bidiyo ne, daga lambar da bai sani ba.

Fuskar Issoufou ta cika allon, idanu jajur, da wata hular leda ta asibiti a kansa.

"Baba, ina wuni. Ta sauka lafiya. Mun samu mace."

Kaltume ta saki zanin. Ta zauna daɓas a kan akwatin, tana ta maimaita alhamdulillahi, hawaye suna zuba. Hamissou ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka.

"Masha Allah. Amma Issoufou, haka ake yi? Kun kusa kashe mu da tsoro."

"Ku yi haƙuri, Baba. A rikice muka fito, na bar wayata a kan tebur, tata kuma caji ya ƙare. Wannan ma ta ungozoma ce na ara." Ya yi 'yar dariya. "Babu jirgin ƙasa yau, babu bas. Wani tsoho maƙwabcinmu ne ya kawo mu. Ya fito da tutarsa zai tafi zanga-zanga, ya gan mu a bakin ƙofa, sai ya jefa tutar a bayan mota. Da muka iske an tare hanya, ya leƙa ya daka musu tsawa, suka buɗe, har suna tafa mana."

"Wutar fa?" in ji Kaltume. "Ba ta zo wajenku ba?"

"Wace wuta, Inna? An ce an ɗan yi rikici a tsakiyar gari. Mu dai ba mu ga komai ba."

Ya juya wayar. Ga Hairat a kwance, ta galabaita, tana murmushi, da ɗan ƙunshin farin zani a ƙirjinta. A bayanta wata mata mai gajeren gashi tana gyara ledar ƙarin ruwa, an manna mata takarda a bayan riga da manyan baƙaƙe. Hamissou ya yi lakwal, wato boko, ya iya Faransanci, ya karanta da ƙarfi ba tare da ya yi niyya ba: "Ina yajin aiki."

Kaltume ta dafe ƙirji. "Yajin aiki? Ita ce ta karɓi haihuwar?"

"Ita ce, Inna," in ji Hairat a hankali. "Madam Olive. Haka suke yi a nan, su rubuta a riga su ci gaba da aiki. Tun safe ba ta zauna ba."

Jin sunanta, matar ta matso ta leƙo. Hamissou ya yi mata godiya da duk Faransancin da ya rage masa. Ta ce babu komai, yarinyar jaruma ce. Sai kuma ta ɗan karkata kai, ta dube shi da tausayi.

"An ce min a Washington kuke? Kai, sannunku. Kullum muna ganin halin da ƙasarku take ciki a labarai. Ni ko kyauta aka ba ni tikiti ba zan iya zuwa ba. Kuna dai fita lafiya?"

Hamissou ya waiwaya taga. Motar kwashe shara tana wucewa a hankali, wata maƙwabciyarsu tana jan karenta a kan ciyawa.

"Lafiya lau muke, Madam."

"Me ta ce?" Kaltume ta taɓa shi.

"Ta ce tana tausayinmu. Wai ƙasarmu ta rikice."

"Mu kuma? Me ya same mu?" Kaltume ta goge ido da bakin mayafi, ta fizge wayar daga hannunsa. "Mutane dai da jin abu daga nesa. Issoufou, matso min da jaririyar, ban ga hancinta ba."