Roƙon Mai Ɗinki

Tun kafin Marubuciya ta cire tabarau mai ɗinki ta gane ta. Hotonta ne a bayan littattafan da maigidanta ke sayowa da ɗuminsu, labaran mata masu durƙuso da maza masu umarni. Shi kuwa ba a karatu yake tsayawa ba. Zaunar da ita yake ya karanta da ƙarfi, in babi ya ƙare ya kife littafin ya ce, "To, tashi mu gani."

Mai ɗinki na cikin auna ƙugun baƙuwar sai hannun tata rigar ya zame. Shatin igiya ya fito ɓaro-ɓaro.

"Wannan ɗaurin ai nawa ne," in ji Marubuciya da murmushi.

Sai hawaye suka zubo wa mai ɗinki. "Anti, don girman Allah. Duk abin da kika rubuta sai ya aikata. A littafi na gaba ki sa namijin ya ji tausayi, ko layi ɗaya ne."

"Ayya, ƙanwata." Ta share mata fuska da hankicinta mai ƙamshi. "Igiyar ce ta fi ci miki rai?"

"Fata ai tana warkewa."

"To me kike tsoro?"

Mai ɗinki ta dubi kekenta, nan cikin ɗan shagon da ke ƙofar gida. "In ina taka wannan ba mai ce mini tashi. Ranar da ya raba ni da shi, an gama da ni."

Marubuciya ta shafa kan keken. "Bar mini sauran."

Rigar da ta ɗinka mata, ko amarya albarka.

Da littafin ya fito, mai ɗinki da kanta ta kakkaɓe wa maigida kujera. Ya fara karatu. Matar labarin tela ce. Mijin ya kwance ta, ya shafa mata magani, har da ban haƙuri. Mai ɗinki ta ƙara matsowa kusa.

Ya juya shafi. "'Na daina ɗaure ki,'" ya karanta a hankali. "'In da gaske tawa ce ke, yanke igiyar kekenki da hannunki.'"

Ya kife littafin. Ga hoton Marubuciya a bangon baya tana murmushi, sanye da rigar.

"Matar nan ta san mata," ya ce, ya miƙo almakashi. "To, tashi mu gani."